Sabuwar Silinda a Basfar Malam Sada

Ranar Talata Basfar Malam Sada ta gaza, kuma da zaɓa ta yi ba za ta sami ranar da ta fi wannan muni ba. Yana hawan ɗan tudun da ke bayan kasuwar Funtuwa sai ya ji ta saki jiki, ta yi ta tari tana fesar da hayaƙi, daga nan ta yi tsit. Ya taka kik, kik ɗin ya sauka ba nauyi ko kaɗan. Wanda ya shekara talatin da ɗoriya a kan babur ɗaya ba ya jiran bakanike ya fassara masa wannan. Silinda ce ta ƙare, wato tukunyar nan ta ƙarfe da fistin ke hawa da sauka a cikinta.

Kwana shida kacal suka rage masa. Ranar Litinin za a ba shi gado a asibiti a Zariya, kuma likitan bai ɓoye masa komai ba, domin shi ya tsare shi da ido ya ce a faɗa masa gaskiya. Ciwon hanta ne, ya yi nisa. Maganar watanni ake yi, ba shekaru ba. A gida, matarsa Hajiya Zakiyya da babban ɗansa Zaharaddeen rabin labarin kawai suka sani, sauran rabin ya haɗiye abinsa. Duk wanda ya tambaye shi jiki sai ya ce da sauƙi, ya gyara zaman hula.

Ba mutuwar ce ta hana shi sukuni ba. Shekararsa sittin da tara, ya yi aikin malamin auduga har ya yi ritaya, ya aurar da 'ya'ya, ya sauke farali. Akwai dai wani gida a Unguwar Marke, can gaba da Kafur, da yake son ya tsaya a ƙofarsa ya nemi gafara tun ƙafafunsa na iya ɗaukarsa. Kuma a kan wannan Basfar yake son zuwa. Zaharaddeen na da mota, da ya buɗe baki da an kai shi, amma sai ɗa ya zauna a zaure ya ji abin da ubansa ya aikata. Ban da haka ma, mutanen gidan ba su san fuskarsa ba. Ranar da abin ya faru hular kwano ce a kansa da baƙin tabarau. Koriyar Basfa suka gani, ita za su gane.

Laraba da hantsi ya tura ta har rumfar Mudi, yana tafe yana hutawa. Mudi shi kaɗai ya rage a Funtuwa mai gyaran Basfa. Sauran tsararrakinsa wasu sun rasu, wasu sun koma gyaran baburan zamani, shi kuwa ya kafe a gindin dalbejiyarsa da akwatin sifanunsa, yana zagin duk wani abu da aka ƙera bayan haihuwar ɗansa na fari. Shekara talatin ke nan ba hannun da ya taɓa shiga cikin injin nan sai nasa.

"A'a, Malam Sada! Kai da ita wa ya turo wani?" in ji Mudi, yana miƙo masa benci. "Na ga duk kun yi laushi."

"Tsufa ne, Mudi. Kai da ba ka tsufa sai ka duba mana ita."

Mudi bai ɓata lokaci ba. Ya kwantar da ita a kan tsohuwar taya, ya kwance murfi, ya zaro silindar ya ɗaga ta saitin rana. Ya zura yatsa ya shafa cikinta, ya girgiza kai.

"Sau uku na kai ta aka rarake ta, muna sa babban fistin. Yanzu babu sauran nama a jikinta. Dubi bangon, in aka ƙara taɓa shi sai ya ɓule. Ta yi maka aiki, wallahi. Shekara nawa ma?"

"Ashirin da takwas."

"To ka gani. Baƙin ƙarfe ke nan."

Ya ciro 'yar wayarsa mai ɗaure da kyauro ya kira Awaisu, mai shagon kayan babur a bakin tasha, wanda ya gaji shagon daga mahaifinsa. Ba a jima ba sai ga Awaisu da kwali biyu a hammata. Ya durƙusa ya gaida dattawan, ya buɗe kwalayen a kan tabarma.

Ta farko baƙa ce, mai nauyi, an shafe ta da man hana tsatsa, irin dai wadda aka cire. Ta biyun fara ce sol, haƙarƙarinta na ƙyalli. Malam Sada ya ɗaga ta da ƙarfin da ya tanada wa baƙar, sai hannunsa ya yi sama, don ko rabin nauyin waccan ba ta kai ba.

"Wannan ta alminiyam ce, Baba," in ji Awaisu. "Guda ɗaya na samo a Kano. Kuɗinta ya kusa ninka na waccan sau uku, ba zan ɓoye maka ba. Amma ba ta riƙe zafi. Kana tafiya iska na kwashe shi. Ko Kano ka nufa da tsakar rana ba ruwanta."

"Tukunyar tuwo," in ji Mudi, ya taɓe baki. "Faɗa masa sauran mana. Ka yi shiru?"

Awaisu ya yi murmushi. "Cikin ramin akwai wani shafe mai tauri, bai kai kaurin ɓawon albasa ba. Shi ne ƙarfinta. Matuƙar yana nan lafiya, za ta daɗe. In tsakuwa ta shiga ta karce shi kuwa, shi ke nan."

"Shi ke nan!" Mudi ya tafa hannu. "Ba a rarake ta, ba a gyara ta, sai dai a sayar wa masu gwangwan. A hanyoyinmu na jar ƙasa, da fetur ɗin kwalba da ake sayar mana rabi mai rabi Allah masani? Malam Sada, ɗauki baƙarka. Tana da nauyi, tana da zafin rai, amma tana jure wulaƙanci. Wannan in ka riƙe ta da kyau, wata shekara ashirin ce a hannunka."

Malam Sada ya dubi ta dama, ya dubi ta hagu. Shi kansa ya sha yi wa matasa wannan huɗubar a majalisa, cewa abin da ba a gyara shi ba abin saye ba ne. Zuciyarsa na wurin baƙar, kamar yadda mutum ke son tsohon takalmin da ya san ƙafarsa.

"Wacce za ta kai ni gaba da Kafur ranar Asabar?" ya tambaya.

"Asabar ta wane wata?"

"Wannan ta gata."

Mudi ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai ma da neman magana kake. Yau ka fara hawan Basfa? Sabuwar baƙa sai an lallaɓa ta kilomita ɗari biyar. Ba gudu, ba kaya, ba goyo. Mako biyu kana zagaya gari tukuna. Ka ɗauke ta ɗanya a wannan zafin na bazara, kafin ka kai Bakori fistin ya kumbura ya kama. Ka bari sai bayan sati uku, Kafur ɗin tashi za ta yi?"

"Farar fa?"

"Ita wuni guda ka zagaya da ita ya isa," in ji Awaisu, yana satar kallon Mudi. "Washegari ka kama hanya."

"Ita za a ɗaura."

Mudi ya ajiye sifana. Ransa ya ɓaci sosai, don a ganinsa ba silinda aka ƙi ba, shi aka ƙi, a gaban sa'an ɗan cikinsa kuma. "Don tafiyar yini ɗaya za ka yar da shekara ashirin? Haba, Malam Sada. Da girmanka kake biye wa ƙyale-ƙyale?"

Awaisu ya fara tattara takardun kwali don ya sami abin yi. Malam Sada ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Mudi, shekara ashirin ɗin nan da kake ta lissafa mini, wa zai hau?"

Sai a lokacin Mudi ya dube shi da gaske. Ya ga wuyan rigar da ya yi masa yawa, ya ga idon da ya yi ɗorawa, ya ga hannun da ke dafe da haƙarƙarin dama tun zuwansa. Abokinsa ne na shekara talatin, amma inji yake kallo duk sanda ya zo. Awaisu mutum ne mai hankali, ya ce ya bar shago ba kowa, ya sulale.

"Inna lillahi," in ji Mudi. "Tun yaushe?"

"Wannan ba shi ne zancen ba. Zauna, akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ka tuna lokacin da ka ɗaura mini waccan?"

Ya ba shi labarin, bai rage komai ba. Farkon damina ne, wata guda da mayar da shi yankin Kafur rabon irin auduga. Silindar na da kwana goma, saura kilomita ɗari da 'yan kai ya cika adadin da Mudi ya yanka masa, kuma yana kiyayewa fiye da yadda yake kiyaye cikinsa. Ya fito daga Unguwar Marke bayan azahar, yana tafe a hankali, sai ga wani mutum a bakin hanya yana kaɗa hula. Gefensa mace ce da goyo, kan yarinyar ya langaɓe, idanunta sun kakkafe. Ya tsaya, wannan kam ya yi. Mutumin ya ce don Allah don Annabi ya goya matar da yarinyar zuwa asibitin Malumfashi, shi zai biyo a ƙafa. Malam Sada ya dubi yashin hanya, ya dubi lambobin da ke gaban babur. Ya ce injin sabo ne, ba ya ɗaukar mutum biyu. Da ya tsaya a nan ma da sauƙi. Amma kunyar idonsu ta kama shi, sai ya ƙara da cewa su tsaya nan kada su motsa, akwai mota a bayansa, yanzu za ta iso.

"Babu wata mota, Mudi. Ba ranar kasuwa ba ce. Tun safe ban ga ko amalanke ba."

Bayan kwana biyu aiki ya mayar da shi ƙauyen, ya tarar da tabarmi a ƙofar wani gida, ana zaman makoki. Ya yi tambaya daga nesa. Sunan mutumin Mahadi, matar Hansai, yarinyar Raudatu, shekararta uku, 'yarsu ta fari. An ce sun jira mota har la'asar, a nan bakin hanya ta cika. Bai ƙarasa ya yi ta'aziyya ba. A makon ya nemi a canza masa ƙauyuka, aka canza.

Mudi ya juya tsohuwar silindar a hannu.

"Da ka goya su, me kake zaton zai faru?"

"Kai ka ce za ta kama. Da a tsakiyar daji za ta tsaya da mu, ba ni ba su."

Wannan ita ce hujjar da ya jingina da ita shekara ashirin da takwas. Duk sanda fuskar matar ta faɗo masa, sai ya ce wa kansa ai ko ya ɗauke su ba za su kai ba.

"Da damina? Bayan ta ci kusan ɗari huɗu?" in ji Mudi. "Da wuya ta kama. In ma ta kama, ka tsaya a inuwa minti goma ta huce, ka taka ka ci gaba. In ta karce ka kawo mini, yini guda a rarake ta, ta dawo sabuwa. Ai don haka ake sayen baƙin ƙarfe, Malam Sada. Ni don ta yi maka ƙarko na kafa dokar. Ban ce har da rai a gabanka ba."

Malam Sada ya ji kamar an zare masa bencin da yake zaune a kai. Ashe abin da ya tsaya karewa ranar nan shi ne abu ɗaya a wurin da ake iya gyarawa. Baƙin ciki ya cika shi, da kunya irin wadda bai taɓa ji ba ko a gaban likita.

Mudi ya goge ido da tsumman hannunsa, baƙin mai ya ɓata masa kumatu bai sani ba. "Da laifina a ciki. Kullum ina faɗa wa mutane doka, ban taɓa faɗa musu inda take ƙarewa ba."

"Ba kai ka yi ƙaryar mota ba. Ɗaura mini farar."

Ranar Alhamis aka yi aikin. Awaisu ya zo da kansa, ya ce shagon zai jira, kuma Allah ya sa ya zo. Mudi ya wanke farar silindar da fetur, sai hannunsa ya tafi akwati da kansa ya yago samfefa, ya naɗe ta a yatsa zai zura cikin ramin. Awaisu ya yi wuf ya riƙe masa wuyan hannu.

"Baba, a'a! Shafen za ka cire."

"Shekara arba'in ba na ɗaura silinda sai na goge cikinta. Kai za ka koya mini?"

"Waccan ake gogewa. Wannan yadda ta zo haka ake sa ta."

Da wata rana ce da Awaisu ya sha zagi har ya tuna kakansa. Ranar nan Mudi ya dubi samfefar, ya jefar da ita can gefe. Ya ɗaura silindar a tsanake, yana ɗaure notuna ɗaya bayan ɗaya, wannan kusurwa sannan waccan. Ya yanko sabon soso ya jiƙa shi da mai ya sa a mashigar iska, ya ce ko ƙwayar yashi ɗaya bai yarda ta wuce ba. Ya auna baƙin mai da kansa ya gauraya a fetur. Taku biyu ta tashi. Ƙararta ta yi siririya, ba irin gurnanin da suka saba ji ba.

"Muryar 'yan birni," in ji Mudi. "Kada ka sha man kwalba a hanya. In ya zama dole, tace shi da hularka."

Juma'a Malam Sada ya yini yana zagaya gari, ya je masallaci a kanta, ya dawo. Asabar da safe ya gaya wa Hajiya Zakiyya zai je neman yafiya wurin mutanen da ya yi aiki a cikinsu. Ba ta hana shi ba, don ta san mai shirin kwanciya asibiti yakan yi haka. Ta zuba masa kunu a gora, ta tsaya a soro har ya sha kwana.

Kafin ya wuce Bakori rana ta buɗe sosai. Hagu da dama manoma na sharar gona, hayaƙin tushiyoyi na tashi, shanu na jan amalanken taki, mata sun jera tiren mangwaro a bakin titi. Kwalta har wani rawa take yi don zafi. Da tsohuwar silindarsa ce da tuni ya ji ɗuminta a ƙafarsa ya fara neman inuwa. Wannan kuwa tafiya kawai take, ba tari ba gajiya. Abin har ya ba shi haushi, yadda ta yi daɗin hawa.

A Malumfashi ya tsaya, ba don babur ba, don kansa. Haƙarƙarin ya matsa masa, gumi mai sanyi na keto masa. Ya zauna a gindin wata bishiya daura da ƙofar asibiti, ya kurɓi kunu, ya jira jiri ya sake shi. Da zai tashi ya dubi agogo, ya dubi lambobin babur. Bai shirya aunawa ba, amma ya auna. Ya wuce Kafur, ya sauka kwalta ya shiga jar ƙasa, ya bi yashin nan da ya tsorata shi a da, Basfa ta ratsa shi ba ko gargada. Da ya hango marken da ke bakin ƙauyen ya sake duba agogo. Minti arba'in da biyu, da tsoho marar lafiya a kai.

Gidan na nan inda ya san shi, sai dai an yi wa zauren rufin kwano. Wani dattijo mai farin gemu na zaune a ƙofa yana gyara ƙotar fartanya. Malam Sada ya kashe inji, ya yi sallama, ya tambaya ko nan ne gidan Malam Mahadi.

"Ga ka ga shi," in ji dattijon. Idonsa ya tsaya a kan babur ɗin, ya daɗe, sannan ya shimfiɗa tabarma a zaure ya leƙa ciki ya ce a kawo wa baƙo ruwa.

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta gida da iyali da zafi da haramar damina. Malam Sada ya sha ruwa. Sannan ya cire hula ya ajiye a gabansa, ya faɗi sunansa da aikin da ya yi, ya ce shi ne mai Basfar nan. Ya faɗi zancen inji. Ya faɗi zancen mota, ya ce ƙarya ya yi, babu ita, ba a taɓa yin ta ba. Ya ce ya zo ne a yafe masa don Allah.

Malam Mahadi ya sunkuyar da kai yana shafa gemu. "Allahu akbar. Malam, kwananta ne ya ƙare. Ko jirgi ka ɗauke ta da shi ba za ta wuce ranar ba. Ni na yafe maka, duniya da lahira. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ya ɗago kai. "Amma ba ni na goya ta ba. Uwarta na ciki."

"Ga ni nan," aka ce daga bakin ƙofar ciki.

Hansai ce, tsohuwa 'yar siririya, da garin daka a hannuwanta. Ashe tun ɗazu tana tsaye. Ba ta dubi baƙon ba.

"Tun yana bayan gari na ji ƙarar," ta ce da mijinta. "Taɓarya ce a hannuna, na ajiye. Muryar ta ɗan canza, amma ita ce."

Ta ratsa zauren ta fita waje. Mazan biyu suka bi bayanta. Ta zagaya Basfar sau ɗaya, sannan ta ɗora tafin hannu a kan kujerar baya, garin ya yi shaida a kan baƙar fatar.

"Nan ne da zan zauna?"

"Nan ne, Malama."

"Ashe ma da faɗi." Ta janye hannun. "Injin da ka ce sabo ne, ya dai yi lafiya?"

Da ƙasa za ta tsage da ya shige. Amma ya yi alkawari tun a hanya ba zai ƙara mata ko rabin ƙarya ba. "Ya yi. Shekara ashirin da takwas. Cikin makon nan aka cire shi."

"To."

Ta juyo, karon farko ta dube shi ido cikin ido. Ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ta kama sunan yarinyar ba, don 'yar fari ce.

"Ranar nan da ka wuce, Malam ya ce mu kama hanya da ƙafa, ko ma haɗu da mai keke a gaba. Ni na ce a'a. Na ce ma'aikacin gwamnati ba zai yi mana ƙarya ba, mota na tafe, mu jira. Muka jira. Duk shekarun nan cewa nake motar lalacewa ta yi, ko ta sake hanya, ni ce mai taurin kan da na hana mu tafi. Ban taɓa kwana ban tuhumi kaina ba. Yau kuma ka zo ka ce babu motar."

"Haba, Hansai," in ji Malam Mahadi. "Dattijo ya taso tun daga Funtuwa a wannan rana."

"Na gani, Malam, kuma na gode masa da ya faɗa. Amma shi ya shekara ashirin da takwas da saninsa, ni yanzu na ji. Ba zan ce na yafe da baki alhali zuciyata ba ta faɗa ba. Wannan ma ai wata ƙaryar ce." Ta sake duban Malam Sada. "Ka ba ni lokaci. Ka dawo da kaka, in an kai amfani gida. Ina fata kafin nan Allah ya sanyaya mini, in faɗa maka da gaske."

Kaka saura wata shida, koko bakwai. Katin asibiti na cikin aljihunsa na gaba, yana jin kaifinsa a ƙirji. Magana ɗaya ce. In ya ce mata jibi za a kwantar da shi, kuma likita bai ba shi kaka ba, ya san a take za ta ce ta yafe, domin ba musulmar da za ta bar mai shirin mutuwa ya juya haka. Malam Mahadi zai yi hamdala, a yi fatiha, ya hau babur ya koma da abin da ya zo nema. Yana so, Allah ya sani yana so, har bakinsa ya buɗe. Sai ya ga cewa in ya faɗa, ya ƙwace mata abu ɗaya da ta roƙe shi yau, kuma abin da zai tafi da shi tausayi ne, ba yafiya ba. Tsoro ya kama shi, na zuwa gaban Ubangiji da wannan kaya a ka. Duk da haka ya rufe bakin.

"Gaskiyarki ce, Malama," ya ce. "Allah ya kai mu kakar."

"Amin," in ji ta, ta shige gida.

Malam Mahadi ya yi ta ba shi haƙuri, ya ce ya tsaya a kawo fura, ya bari rana ta yi sanyi. Malam Sada ya yi godiya, ya ce hanya da nisa. Ya sa hularsa, ya sauke Basfar daga ƙafarta, ya ɗora tasa ƙafar a kan kik. Sai ya tuna dangar gidan ta kara ce, kuma matar na bayanta.

Ya sauke ƙafar. Ya kama kan babur da hannu biyu ya fara turawa cikin yashi, yana yi yana tsayawa ya dafe haƙarƙari. Malam Mahadi ya biyo shi yana tambaya ko ta ƙi tashi ne, a kira mai gyara.

"Lafiyarta ƙalau," in ji Malam Sada. "Sai na yi nisa zan tayar."